Korar baƙo daga Faransa: wace kotu ce ke da hurumi?

A ƙasar Faransa, ba alƙali ne ke ba baƙo umurnin barin ƙasa ba. Prefe ne, wato wakilin gwamnati a jiha, ke sa hannu a takardar da ake kira OQTF. Tunda hukuma ce ta yanke shawarar, mai ƙorafi ba ya zuwa kotun da ke shari'ar sata ko bashi. Kotun da ke da hurumi ita ce kotun gudanarwa, wadda ke raba gardama tsakanin mutum da hukuma.

Abin da ya fi cutar da mutane shi ne wa'adi. Bisa dokar 26 ga Janairun 2024, wanda ke zaune a sake yana da wata ɗaya ya kai ƙara. Wanda aka tilasta wa zama a wuri guda yana da kwana 7. Wanda kuwa ke tsare a cibiyar jiran kora, awa 48 kacal gare shi, kuma Asabar da Lahadi ba su tsayar da lissafi. Rubuta wa prefe wasiƙar roƙo ba ta ƙara ko kwana ɗaya. Da yawa sun zauna jiran amsarsa har ƙofa ta rufe.

Da zarar an shigar da ƙara cikin wa'adi, ba a fitar da mutum sai alƙali ya yi hukunci. In ya faɗi, yana iya ɗaukaka ƙara cikin wata ɗaya zuwa kotun gudanarwa ta ɗaukaka ƙara. Amma a lura: wannan mataki na biyu ba ya hana kora. Ana iya sa shi jirgi alhali takardunsa na gaban alƙalai. A can ƙoli akwai Majalisar Ƙasa ta shari'ar gudanarwa da ke Paris, wadda ba ta sake sauraren labarin, sai dai ta duba ko an bi doka daidai.

Batun tsarewa kuma daban yake. Ko a ci gaba da riƙe mutum ko a sake shi, wannan na hannun alƙalin kotun gama-gari, domin shi ne mai kare ƴancin jikin ɗan Adam. Yana iya sakin baƙo, amma ba shi da ikon soke takardar korar. Wanda ba ya jin Faransanci yana da damar neman tafinta, marar hali kuma ya nemi lauyan da gwamnati za ta biya.