An taɓa harbe su fa: abin da muka manta a musun daren Juma'a

Rubutun nan yana da ɗan tsawo, wanda yake da jarrabawa gobe ya ajiye shi sai ya fito.

Daren Juma'ar da ta wuce, zauren WhatsApp ɗinmu na ɗaliban arewa a nan Ibadan ya ɗauki zafi har wajen ƙarfe biyu. Wani ne ya turo bidiyon jami'an NDLEA suna cinna wa tulin ƙwayoyi wuta, sai wani ya ce ai duk wannan wasan yara ne, da an bar hukuncin kisan da Majalisar Dattawa ta amince da shi a watan Mayun 2024, ba a koma ɗaurin rai da rai ba, da yanzu an huta. Shi ke nan aka rabu gida biyu. Masu cewa a kashe suna kawo Saudiyya da Singafo, masu cewa a sassauta suna kawo Fotugal. Kowa da ƙasar da yake kafa hujja da ita. Ni ban ce uffan ba, amma wani abu ya tsaya min a rai: duk tsawon musun nan babu wanda ya ambaci cewa a nan Najeriya an taɓa ɗaure masu safarar ƙwaya a jikin durom an harbe su. Tarihi nake karanta a digiri na biyu, don haka ku yi min uzuri in na ce wannan ya fi musun kansa damuna.

Kuma in faɗa muku gaskiya tun daga farko, shekarun baya ni ma ɗan a-kashe ne, kuma ina da dalilina. Zan zo kansa.

Dokar farko da ta shafi wannan harka ta Turawan mulkin mallaka ce, ta 1935. Tabar wiwi kuwa, abin da aka fi faɗa shi ne sojojinmu da suka yi Yaƙin Duniya na Biyu a Indiya da Bama da ma'aikatan jiragen ruwa ne suka yaɗa ta, ƙasar kudu kuma ta karɓe ta hannu biyu. Da soja suka karɓi mulki a 1966, gwamnatin Ironsi ta fitar da doka ta musamman a kan wiwi: wanda ya noma, kisa ko ɗaurin shekara 21. Wanda aka kama yana sha kawai, aƙalla shekara 10. Ku sake karantawa, shekara goma a kan naɗi ɗaya. Zuwa 1975 gwamnati da kanta ta sassauta dokar, aka cire kisan, aka rage ɗaurin. Wiwi dai ga ta nan, dazukan Ondo da Edo sun shaida.

Inda nake so mu daɗe shi ne 1984. A farkon shekarun 1980 kuɗin man fetur ya faɗi, kuɗin ƙasashen waje ya yi wuya, Legas kuma ta zama zango: ana ɗauko hirowin daga Asiya, hodar iblis daga Kudancin Amurka, a wuce da su Turai da Amurka. A lura, a wancan lokacin ba mu ake kawo wa ba, hanya kawai muke. Gwamnatin Buhari da Idiagbon ta fitar da Doka mai lamba 20 ta 1984, wadda ta ce duk wanda kotun musamman ta kama da safarar hodar iblis da makamantanta, harbi ne. Ranar 10 ga Afrilun 1985, a Kirikiri, aka harbe mutum uku: Bartholomew Owoh, Bernard Ogedengbe da Lawal Ojuolape. Dukkansu matasa ne, babbansu bai wuce shekara 30 ba. Sa'anninmu ke nan, mu da muke wannan musu.

Abin da ya tayar da ƙura a lokacin shi ne an mayar da dokar baya. Wato ta hau kan laifin da aka aikata tun kafin a rubuta ta, lokacin da hukuncinsa ɗauri ne. Lauyoyi da shugabannin addini sun yi ta magana. Ɗaliban shari'a da ke cikinmu sun fi ni sanin me wannan yake nufi, kuma ko a fiƙihunmu ba a hukunta mutum sai hujja ta isa gare shi. A watan Agustan wannan shekara Babangida ya kifar da gwamnatin, a 1986 aka mayar da hukuncin ɗaurin rai da rai.

Na san abin da wasunku za su ce, kuma suna da gaskiya: ai ba a bar dokar ta yi aiki ba, shekara biyu ba ta isa a gane amfanin abu. Na yarda. Ba zan ce muku 1985 ta tabbatar da cewa kisa ba ya hana safara ba, don ɗalibin tarihin da ya faɗi haka da misali ɗaya malaminsa zai mayar masa da takardarsa. Amma ku dubi waɗanda aka harbe. 'Yan aike ne, masu ɗaukar kaya. Babu mai kayan ko ɗaya a jikin durom ɗin nan. An bar jaki ana dukan taiki. Kuma abin da ya biyo baya ba ɓoyayye ba ne: a 1989 aka kafa NDLEA da Doka mai lamba 48, a 1990 aka ƙara wata da ta ce wanda aka ɗaure a ƙasar waje kan ƙwaya in ya dawo gida zai ƙara shekara 5 don ya ɓata sunan ƙasa, duk da haka a 1994 Amurka ta cire Najeriya daga jerin ƙasashen da take ganin suna ba ta haɗin kai a yaƙi da ƙwaya. Ƙasashen da ba su taɓa janye kisan ba kuwa, 'yan Najeriya ba su fasa kai musu kaya ba. Singafo ta rataye wani matashinmu ɗan shekara 21 a 2007. Indonesiya ta harbe wasu a 2015.

Saudiyyar da ake ta ambata ma, kun manta ɗalibar jami'ar nan ta Kano da ta tafi Umara a ƙarshen 2018? An kama ta a kan jakar tiramadol da aka maƙala wa sunanta a filin jirgi ba da saninta ba. Sai da ta shafe wata huɗu a tsare kafin gaskiya ta fito a sake ta a Afrilun 2019. Ita Allah ya kuɓutar da ita. Duk mai cewa a kashe, ya fara gaya min yadda za a tabbatar wanda aka kama shi ne mai jakar.

To, duk wannan labarin filin jirgi ne. Abin da ya cinye mana ƙanne a arewa ba ta cikin ɗan aike ya shigo ba, ta ƙofar kemis ya shigo, da lambar rajista a jikin kwalbar.

Wani abokina ɗan sashen haɗa magunguna ne ya zaunar da ni ya yi min bayanin kodin, kuma ya kamata kowa ya sani. Daga tsiro ɗaya ake samun su da mofin, wato tsiron ofiyom. Wani Bafaranshe mai suna Robiquet ne ya fara ware kodin a 1832. In ka sha, hantarka ce take juya wani kaso nasa ya koma mofin, shi ne yake kwantar da tari da ciwo, shi ne kuma yake kama mutum. Hantar wasu ta fi ta wasu saurin wannan aiki, shi ya sa abokai biyu za su raba kwalba ɗaya, ɗaya ya tashi ɗaya numfashinsa ya tsaya. Abin dariya da ban takaici, ita kanta hirowin ɗin da aka harbe mutane a kan irinta, kamfanin Bayer na Jamus ya fara sayar da ita a 1898 a matsayin maganin tari. Ashe ba yau aka fara shigo da bala'i a kwalbar maganin tari ba.

A 2017 aka faɗa a zauren Majalisar Dattawa cewa ana shan kwalba miliyan 3 kullum a Kano da Jigawa. Adadin ya zaga duniya, har yau abokan karatunmu na nan da shi suke tsokanar mu. A ƙarshen Afrilun 2018 BBC ta saki binciken da 'yar jarida Ruona Meyer ta yi a ɓoye, aka ga ma'aikatan kamfanonin magani suna sayar da katan-katan ta bayan fage. Washegari, 1 ga Mayu, ministan lafiya Isaac Adewole ya hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin. Kwana ɗaya tak. Na tuna yadda muka yi ta murna a Facebook.

Yanzu dalilin nawa. Ina da ƙane, ɗan baffana ne amma a ɗaki ɗaya muka tashi. Yana aji biyar na sakandare ya fara sha, a cikin robar lemo, mu muna gani muna zaton lemo ne. Da aka hana, na ce Alhamdulillahi, yaron nan ya tsira. Kwalbar ta yi tsada, ta yi wuyar samu, wannan gaskiya ne. Amma jikin da ya saba ba ya jin sanarwar minista. Ya koma tiramadol, don ta fi arha, ta fi sauƙin ɓoyewa a aljihu. Kuma ba mai miligiram 50 ko 100 da likita yake rubutawa ba, mai 225 da ake shigo da ita daga Indiya. Ran da ya faɗi a tsakar gida yana jijjiga kamar mai farfaɗiya, Inna ta ɗauka aljanu ne. An gudu ba a tsira ba.

Daga nan aka kai shi gidan mari, don babu wanda ya san wani wurin kuma. Wata bakwai ya yi, ya dawo da tabon sarƙa a idon sawu, sati uku ya koma ruwa. Lokacin da 'yan sanda suka fasa wani gida a Rigasa ta Kaduna a watan Satumban 2019 suka fito da mutane sama da 300, da yawansu a ɗaure, mutane sun yi ta tsine wa iyayen. Ni ban iya ba. Na san fuskar uban da ya rasa inda zai kai ɗansa. A wannan shekarun ne nake cewa a kashe duk mai sayarwa, kuma wallahi da an ba ni bindigar a lokacin ban san me zan yi ba.

Labarin bai tsaya a kan tiramadol ba. Indiya ta tsaurara dokar fitar da ita a 2018, sai ga wata sabuwar haɗi ta maye gurbi, ta tafentadol da wani maganin saki-jijiya, wadda BBC ta sake bankaɗowa a Fabrairun 2025, Indiya ta hana ta bayan nan. Kun ga tsarin? Duk lokacin da aka toshe ƙofa ɗaya aka bar mai sha da ƙishirwarsa, abin da yake biyowa ya fi na baya ƙanƙanta a aljihu, ya fi shi ƙarfi. Amurka ta ga irin haka da ta hana giya daga 1920 zuwa 1933, masu fasa-ƙwauri suka fi karkata ga mai ƙarfi don ita ce ba ta cika mota. Ba cewa nake kada a hana ba, kar wani ya ɗauki hoton wannan layin ya kai zaure. Hana kodin daidai ne, an ma makara. Cewa nake an yi rabin aiki aka tafa.

Game da tsokanar da ake mana kuwa, ga abin da za ku riƙe. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da ƙwayoyi, na 2018, ya ce mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 ne suka sha wani abu a shekarar da ta gabata. Wiwi ce kan gaba da miliyan 10.6, masu shan irin su tiramadol miliyan 4.6, maganin tari miliyan 2.4. Shiyyar da ta fi kowa ita ce wannan da muke zaune a cikinta, kudu maso yamma, da kashi 22.4 cikin ɗari. Arewa maso yamma kashi 12. Amma don Allah kar mu mayar da wannan abin cika baki a ɗakin kwana. Kashi 12 na yawan mutanenmu ba ƙaramin taro ba ne, kuma rahoton ya ce cikin kowane mutum huɗu masu sha ɗaya mace ce, mu kuwa mun san yadda ake rufe ta mace a gidajenmu har sai ta lalace. Layin da ya fi taɓa ni shi ne inda aka ce kusan kashi 40 na waɗanda abin ya yi wa mugun kamu sun so magani ba su samu ba.

Ƙanen nawa yana raye. A ƙarshe wani asibitin ƙwaƙwalwa na gwamnati ne ya karɓe shi, bayan mun yi wata biyu muna jiran gado, kuma sai da baffa ya sayar da fili. Yanzu gyaran waya yake yi, shekararsa uku bai sha ba, Allah ya ɗorar.

Ranar Asabar da safe, da musun nan a kaina, na kira shi. Na ce ƙane, tsakaninka da Allah, da a ce ana kashe masu sayarwa a lokacin, da ka fasa? Ya yi shiru, sai ya yi 'yar dariya. Ya ce, "Yaya, ni fa ban taɓa ganin wani dila ba. A kemis ɗin layinmu nake saya, kai ma can kake sayen fanadol. In ya miƙo min canji har cewa yake Allah ya ƙara sauƙi."

Zan zo da kwafin dokokin 1966 da 1984 taron ƙungiya ranar Lahadi bayan la'asar. Ɗan uwanmu da ya ce wasan yara ake yi, don Allah ka zo, ina so ka karanta su da bakinka mu ji.