Jeli, ƙaro ko kafa: me ake saya a ɗan kwalin nan?

Duk wanda ya taɓa barin sauran langaɓu ya kwana a tukunya da hunturu ya san yadda ake samunsa da safe: romon ya kama jikinsa, in an taɓa tukunyar yana rawa, cokali na yanka shi. Abin da ya daskarar da shi ne ake kira jelatin. Fata da ƙashi da jijiya ke sakinsa in sun sha wuta, kamfanoni kuma su tace, su busar, su niƙe ya zama gari. Asalin sunan Latin ne, daga kalmar da ke nufin daskarewa. A 1897 wani Ba'amurke, Pearle Wait, ya haɗa garin da sukari da ƙamshin 'ya'yan itace aka sa masa suna Jell-O.

To, uwargida a Roni da ke da mai ciwon suga a gida, in ta ga ɗan kwalin "jeli" a kantin Kazaure ko Kano, da wane suna za ta gane shi? Ƙaro bai dace ba. Daga jikin dakwara yake tsatsowa, yana sa ruwa danƙo amma ba ya daskarar da shi. Kafa ta fi kama da shi a ido, sai dai da gasarar masara ake yin ta, sitaci ne zalla da jiki ke mayarwa suga. Kiran abin da sunanta zai ruɗar da mai neman lafiya.

"Jeli" ɗin ma ban gamsu da shi ba, domin suna ɗaya ne ya rufe abu biyu. Akwai na dabba, wanda kaso mai yawa na wanda ake yi a duniya daga fatar alade yake. Musulmi sai ya duba ya ga an rubuta na saniya ne ko na kifi, da tambarin halal. Akwai kuma agar, sunan da ya fito daga yaren Malay, wanda ake samu daga ciyawar teku. Bambancin ya wuce batun halal. Na dabba yana fara narkewa a zafin digiri 35, ga bazarar Roni tana wuce hakan, ga wutar firji ba tabbas. Agar kuwa yana daskarewa a ɗaki ba tare da firji ba, kuma ba ya narkewa sai ya kai wajen digiri 85. Ni dai shi zan zaɓar wa gidajenmu.

Yin sa ba wuya. A dafa zoɓo rabin lita da citta da kanumfari, a tace, a zuba garin agar cokalin shayi biyu, a bari ya tafasa ɗan lokaci ana juyawa, a juye a kofuna. In na saniya ne, giram 7 ya isa, wanda bai kai kalori 30 ba. A fara jiƙa shi a ruwan sanyi, kuma kada a sa ɗanyar abarba ko gwanda, don suna hana shi kamawa.

Saura kalmar da ta fi ruɗarwa, "ba suga". Da yawa in sun ajiye farin sukari sai su ɗauko zuma, dabino ko mazarƙwaila, suna ganin sun tsira. Duk suga ne a wurin jini. Masu zaƙi marasa kalori irin su stevia da aspartame daban suke, kuma mai ciwon suga ya fara tambayar likitansa kafin ya saba da su.

Shawarata a riƙa faɗin tushen abin tare da sunansa: jelin saniya, jelin kifi, jelin ciyawar teku. Uwargida, kafin ki biya kuɗi, juya kwalin ki karanta, ko ki ba yaro ɗan makaranta ya karanta miki.