Sassaben Zamani: Yadda Manoman Maraɗi Suka Koyar da Juna

Dokar gandun daji da Faransa ta kafa a 1935 ta mayar da itatuwan Nijar mallakar hukuma. Manomi kan sha tara a kan itacen da ke tsakiyar gonarsa, don haka bai ga dalilin raya shi ba. Malaman gona kuma suna koyar da cewa gonar kirki ita ce wadda aka share ƙal. Da farin shekarun 1970 ya zo, iska ta riƙa binne shuka da rairayi. An yi ta dashen itatuwa, akasarinsu suka mutu.

A 1983, Tony Rinaudo, ɗan Ostireliya da ke aiki da ƙungiyar SIM a Maraɗi, ya lura cewa sabara da kalgon da ake sassabewa duk shekara tohon kututture ne mai saiwa da rai. In aka bar 'yan rassa masu ƙarfi aka datse saura, itace zai tashi ba dashe ba ban-ruwa. Wannan shi ake kira sassaben zamani.

Waɗanda suka fara gwadawa dariya aka yi musu. A yunwar 1984 aka gindaya barin itatuwa a matsayin sharaɗin samun tallafin abinci. Da rabon ya ƙare, aka sare kusan kashi biyu cikin uku na itatuwan.

Gonakin da suka rage su suka zama makaranta. Maƙwabci ya ga geron wani ya tsira daga iska, iyalinsa sun huta da doguwar tafiya neman itacen girki, dabbobinsa na cin 'ya'yan gawo da rani. Gani ya kori ji. Ƙauyuka suka riƙa ziyartar juna, kowa na zaɓar irin itacen da yawan rassan da suka dace da gonarsa. A Ɗan Saga, yankin Agye, an kafa kwamitin tsaron itatuwa. Dokar 2004 ta ƙarfafa haƙƙin manomi a kan abin da ya raya. Hotunan tauraron ɗan'adam sun nuna kimanin hekta miliyan 5 sun farfaɗo, yawanci a Maraɗi da Damagaram.

Yau mu masu rubuta manhaja muna gina hanyoyin tura wa manomi shawara ta waya, daga ofis zuwa gona. Kafin mu ƙara wata, ya kamata mu duba ko tana ba shi damar ganin gonar ɗan'uwansa, ya yi tambaya, ya gwada da hannunsa.