Su a Katsina, daga Kududdufi zuwa Ajiwa

Tun da Allah bai hore wa birnin Katsina babban kogi ba, mutanen dā ba su san kamun kifi ba face a kududdufan da aka haƙa domin ɗibar ƙasar gini da ta ganuwa, waɗanda damina ke cikawa, rani kuma ya ƙafar da su har gaiwa ta nutse cikin laka tana jiran ruwan baɗi. A bakinsu yaro kan zauna da fatsa da tana, tsoho ma ya raɓa kusa da shi, domin gaɓar ba ta da tudu, kuma tarwaɗa ba ta tambayar ƙarfin mai kama ta.

Da aka buɗe madatsar Ajiwa a 1975 domin shayar da birnin, sannan aka kammala ta Zobe kusa da Dutsin-ma a 1983, sai karfasa ta yawaita, sana'ar ta koma hannun ma'abota kwalekwale da taru, alhali gurgu da makaho, waɗanda al'adarmu ta girmama har ta naɗa musu sarakuna, suka rasa hanyar isa ruwa. Haƙiƙa makaho ba ya buƙatar ido a wajen fatsa, domin a yatsa ake jin motsin kifi.

Muna roƙon hukuma da masarauta su gina dakali shimfiɗaɗɗe mai shinge a gaɓar Ajiwa, da hanyar da keken guragu zai bi, domin ruwa ni'ima ce da kowa ke da haƙƙi a cikinta.