Amfilifayar sitiriyo: asalinta da zamanta a ƙasar Maraɗi

Amfilifaya na'ura ce da ke karɓar raunannen sauti daga faifai, kaset ko rediyo, ta ƙara masa ƙarfi har ya iya motsa sifika. Wadda ake magana a kanta a nan ta haɗa aiki biyu cikin akwati ɗaya, wato sashen zaɓar sauti da daidaita shi, da sashen ƙarfi. Sitiriyo kuwa shi ne raba sauti gida biyu, dama da hagu.

Asalinta wani ƙwan lantarki ne na gilashi da Lee de Forest ya ƙirƙiro a Amurka a 1906. Alan Blumlein na Ingila ya yi rajistar fasahar sitiriyo a 1931, amma faya-fayenta ba su bazu a kasuwa ba sai 1958. Taransisto, wanda aka gano a 1947, shi ya kori ƙwan nan mai zafi da cin wuta. A shekarun 1970 kamfanonin Japan irin su Sansui, Pioneer da Kenwood suka mamaye kasuwa da amfilifaya mai fuskar alminiyam da maɓallai masu nauyi a hannu, wasu har da allurai biyu suna rawa bayan gilashi.

Ƙasar Maraɗi ta san ta ne ta hanyar fatauci daga Kano da Katsina, da kuma tsarabar alhazai. Sai dai ba ta aiki sai da wutar lantarki, shi ya sa ta tsaya a garuruwan bakin kwalta kamar Gidan Rumji ta yamma, Agiye da Gazawa ta gabas. A Gazawa ne ma babban layin wuta da ya taso daga Katsina yake sauka. Ƙauyuka suka riƙe wata 'yar'uwarta mai aiki da batirin mota, wadda ake haɗa wa lasifikar masallaci.

Don sauraro a falo aka ƙera ta, amma a nan waje ta fito. A da, mai shagon kaset a tasha kan jingina sifika biyu a bakin ƙofa, ya saki waƙar Mamman Shata ko wa'azi, kalangu na fita tsaf kamar makaɗin na zaune a wurin. Ita ce tallarsa, ita ce jarinsa.

Zuwan faifan CD, sannan waya da memori, ya rage mata kasuwa ƙwarai. Waɗanda suka saura, sauƙin gyara ne ya raya su, kuma a nan ta yi wa na zamani fintinkau: in taransisto ɗaya ya ƙone, mai gyaran rediyo zai narka dalma ya cire shi, ya sa wani, ta ci gaba da aiki.