Duwatsun Sukur

A kan duwatsun Mandara, cikin ƙasar Madagali ta Jihar Adamawa, akwai wani ɗan gari da ake kira Sukur. Mai zuwa can da ƙafa yake hawa, a kan hanyar da kakannin mutanen suka shimfiɗa da falalen duwatsu tun daga gindin tudu har sama. Fadar sarkinsu, wanda suke kira Hidi, ita ma da dutse aka jera ta.

Ka dubi gonakinsu. Gangaren dutse ba ya riƙe ƙasa, ruwan damina ɗaya ya isa ya wanke ta. Sai suka yi ta jera duwatsu hawa-hawa, kowane hawa ya tare 'yar ƙasar da za ta ɗauki dawa. Wanda ya fara jeri ya san jikokinsa ne za su ci moriyarsa sosai, kuma kowace shekara sai an gyara inda ya zube. Ban da noma, Sukur ta yi suna wajen ƙarfe. Suna tara tama daga yashin rafuka, su narkar da ita da gawayi da zuga-zugi, mutanen kwari su zo saye don ƙera fartanya. Sana'ar ta mutu ne a ƙarni na 20, sa'ad da tarkacen ƙarfen mota ya cika kasuwa.

Tudun kuma mafaka ne. Hamman Yaji, mai mulkin Madagali, ya bar littafin ayyukansa na shekarun 1912 zuwa 1927, inda aka lissafta hare-haren da ya tura kan mutanen duwatsu da bayin da aka kamo. Turawan Ingila suka tuɓe shi a 1927. Sukur ta sha wuya a hannunsa, amma ba ta watse ba.

Akan ji mai wa'azi ya tattara dukan zamanin da ya gabaci Bishara ya kira shi duhu, ya wuce. Ni dai ina ganin akwai gaggawa a wannan magana. Haƙurin da ya jera katangun nan, wa ya ba da shi in ba Mahalicci ba? A Littafin Joshuwa sura 4, Ubangiji ya sa aka ɗebo duwatsu goma sha biyu daga Kogin Urdun aka kafa, domin 'ya'ya su tambaya, iyaye su ba da labari. A Sukur duwatsun suna nan. Masu sanin labarinsu ne ke ƙarewa, matasa kuwa sun gangara birane.

A 1999 hukumar UNESCO ta sa Sukur cikin wuraren tarihi na duniya, wuri na farko a Nijeriya. A 2014 'yan Boko Haram suka hau tudun, suka ƙone gidaje. Da ƙura ta lafa, mutanen suka koma, suka shiga gyaran abin da aka rushe.