Agogon Hannu na Zamani a Matsayin Makunnin Na'urorin Gida: Nazarin Hanyar da Umarni Ke Bi

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin yadda ake sarrafa fitilu da makullai da na'urorin sanyaya ɗaki ta agogon hannu na zamani. Ta bi sawun umarni tun daga tsintsiyar hannu har zuwa na'ura, bisa bayanan fasaha na Apple Home da Google Home da ƙa'idar Matter. An gano cewa amfanin agogon ya rataya ne a kan inda ake zartar da umarnin: cikin gida ko a sabar kamfani.

1.0 Gabatarwa

Apple Watch ya shiga kasuwa a Afrilun 2015, manhajar Home kuma ta iso masa a 2016. Masu agogon Wear OS sai a Oktoban 2022 suka samu Google Home, tare da fitowar Pixel Watch. Tallace-tallace kan nuna kamar agogo da ƙwan fitila magana suke yi kai tsaye, alhali agogon ɗan aike ne kawai.

2.0 Hanyar da Umarni Ke Bi

Idan mutum ya taɓa fuskar agogo, umarnin kan fita ta Bluetooth zuwa wayarsa, ko ta Wi-Fi, ko ta layin salula a agogunan da ke da shi, wanda Apple ya fara sakawa a 2017. Daga nan galibi sai ya isa cibiyar gida, kamar HomePod ko Apple TV, ita kuma ta miƙa shi ga na'ura ta Wi-Fi ko Thread. An gina Thread a kan ƙa'idar IEEE 802.15.4, kuma ba ya ɗaukar fiye da kilobit 250 a daƙiƙa. Wannan ya yi wa bidiyo kaɗan, amma ya wadaci "kunna" da "kashe", kuma ba ya cinye batir.

Matsalar tana ga na'urorin da ba sa karɓar umarni sai ya je sabar kamfani, sau da yawa a wata nahiya, ya dawo. Jinkiri shi ne ƙaramin lahani. A Mayun 2016 kamfanin Nest ya rufe sabar cibiyar gida ta Revolv, cibiyoyin da mutane suka saya da kuɗinsu suka daina aiki. A Afrilun 2022 sabar kamfanin Insteon ta mutu ba tare da sanarwa ba. A ganin wannan nazari, bai dace a ce makunnin ɗakin mutum yana hannun wani kamfani da zai iya karyewa gobe ba. Matter, wadda ƙungiyar Connectivity Standards Alliance ta fitar a Oktoban 2022, ta rage wannan haɗari, domin umarninta na zagawa ne a cikin gida ko da intanet ta yanke.

3.0 Fifiko da Gazawa

Agogo ya fi waya a aikin da ba ya wuce 'yan daƙiƙu. Da tsarin Home Key na Apple na 2021, mai ɗauke da kaya a hannu biyu zai kanga agogo a jikin makulli ta NFC, ƙofa ta buɗe. Da zarar an cire agogon daga hannu sai ya kulle kansa, don haka ba zai yi wa ɓarawo amfani ba. Mafi muhimmanci, AssistiveTouch na 2021 ya ba mai hannu ɗaya damar ba da umarni ta hanyar dunƙule hannu ko haɗa yatsu biyu. Ga mai shanyewar ɓarin jiki da ke kwance, kashe fitila da kansa rage dogaro ne da mai jinya.

Gazawar kuwa a fili take. Apple Watch ba shi da kyamarar ɗaukar lambar QR, saboda haka haɗa sabuwar na'ura aikin waya ne. Batirin samfurinsa na 2015 na awa 18 ne a ƙiyasin kamfanin, Siri kuma ba ta jin Hausa.

4.0 Ɗauke Wuta

A Kano ko Damagaram, idan aka ɗauke wuta, na'urar rarraba intanet da cibiyar gida kan mutu tare. Agogo na nan da caji, amma babu mai karɓar saƙonsa. Makulli mai batir da ke aiki da NFC kuwa ba ya shiga wannan hali. Don haka maƙalar na ba masu haɗa irin wannan tsari shawarar su ɗora na'urorin biyu a kan inbata ko sola, su zaɓi kayan da ke aiki da Matter, kuma kada su cire makunnin bango.